Tsintsiya Ba Broom Ba Ce

A gidaje da dama na Giginyu da Nassarawa GRA, har zuwa Badawa da Hotoro, akwai jimlar da ta zama ruwan dare: "Ke, ɗauko broom ki share falo." Uwar gida Bahaushiya ce, yarinyar da aka aika Bahaushiya ce, abin da za a ɗauko kuma tsintsiyar laushi ce irin wadda kakanninmu suka sani. Sunan ne kawai ya koma na Turanci. In ka yi magana sai a ce maka ai duk ɗaya ne, broom ita ce tsintsiya, tsintsiya ita ce broom, haka malami ya koyar a aji, haka wayar hannu take nunawa. Mu kuwa muna cewa ba ɗaya ba ne. Wanda ya koya wa yaro cewa ɗaya ne ya cuce shi sau biyu: ya ba shi gurguwar fahimtar Turanci, ya kuma rage masa Hausarsa.

Wani zai ce, duk matsalolin da suka addabi Kano, na wuta da ruwa da tsadar abinci, sai a kan tsintsiya za a zauna ana dogon rubutu? E, a kanta. Manyan kalmomi irin na addini da sarauta suna da masu tsaronsu, ga malamai, ga fada, ga mawaƙa. Kalmomin tsakar gida ba su da mai gadi. Su ake fara sauyawa ba a ji ba a gani, sai an wayi gari yaro ɗan Giginyu yana tambayar ma'anar karin maganar da kakarsa take faɗa sau uku a yini.

Bari mu fara da ba kalmar Turancin haƙƙinta, domin da yawa daga masu ambatonta ba su san ta ba. Asalin broom sunan tsiro ne, wani ɗan guntun itace mai rawayar fure da ke fitowa a Ingila da sauran ƙasashen Turai. Tsiron sananne ne ƙwarai a tarihinsu. Gidan sarautar da ya mulki Ingila daga 1154 zuwa 1485, wato Plantagenet, daga sunan wannan tsiro a Latin ya samo laƙabinsa. Abin shara kuwa tsohon sunansa besom, wato 'yan rassa da ake ɗaurewa a jikin sanda. Da yake rassan wannan tsiro suna cikin waɗanda aka fi ɗaurawa, sai a hankali sunan tsiron ya rinjayi sunan kayan aikin. A ƙarni na 19 wata ƙungiyar Kiristoci a Amurka da ake kira Shakers ta yi fice wajen ɗinke bakin abin sharar ya zama shimfiɗaɗɗe, kuma wannan siffa ce ta yaɗu a duniya. Abin da zai ba mai karatu dariya shi ne, da zangarniyar wani nau'in dawa ake yin irin wannan broom ɗin na Amurka, dawa kuwa 'yar Afirka ce.

A duk tsawon wannan tarihi abu guda ne bai sauya ba, shi ne sanda. Buɗe ƙamusun Turanci na ɗalibai, zai gaya maka broom buroshi ne mai doguwar sanda da ake share ƙasa da shi. Bature a tsaye yake shara, da hannu biyu, yana tura datti gaba ko yana jawo shi. Shi ya sa a tatsuniyoyinsu mayya take hawa broom ta tashi sama, shi ya sa a labaran Harry Potter, waɗanda na farkonsu ya fito a 1997, yara suke wasa a sararin sama a kan broom. Sandar suke hawa kamar yadda yaranmu suke hawa dokin kara. To, fassara wannan da cewa mayya ta hau tsintsiya ta tashi, ka karanta wa tsohuwa a Kawo ka ga irin kallon da za ta yi maka. A ina za ta zauna? A kan maɗaurin? Jimlar daidai take a nahawu, amma hoton da ta zana a zuciyar Bahaushe shirme ne.

Yanzu mu dawo gida. Tsintsiya ita ma, kamar takwararta, tana da alaƙa da tsiro, domin akwai ciyawar da Hausawa suke kira da wannan suna. Amma daga nan hanya ta rabu. Tsintsiya ba ta da sanda, maɗauri gare ta. Silalla ne masu yawa da aka haɗa wuri guda aka ɗaure gindinsu, da hannu ɗaya ake riƙe ta, a sunkuye ake aiki da ita, ɗaya hannun sau da yawa yana bayan mai shara. Kuma ba iri ɗaya ba ce. Akwai tsintsiyar laushi, ta ɗaki da falo, wadda take bin siminti da leda tana tattara ƙura. Akwai tsintsiyar kwakwa, wadda ake fere ta daga ganyen kwakwar manja, galibi daga kudu ake kawo ta, ita ce ta tsakar gida da ƙofar gida da duk inda akwai tsakuwa ko laima. In ta ci ta cinye ta zama guntuwa, ba a yar da ita, sai ta koma wankin makewayi da rariya. In yana ta taru a saman ɗaki, sai a ɗaura tsintsiya a jikin gora a share.

Kowace irin tana da iliminta. Sabuwar tsintsiyar laushi sai an karkaɗe ta sosai kafin a shiga ɗaki da ita, in ba haka ba ita ce za ta zuba maka dattin. In silalla suka zazzame, sai a buga gindinta a tafin hannu su daidaita, a gyara maɗauri. Da hunturu ba a sharar tsakar gida sai an yayyafa ruwa, don kada ƙura ta koma ɗaki da ƙirjin yara. Ba a haɗa tsintsiyar ɗaki da ta bayan gida. Har camfi ya taru a kanta, akwai mai hana shara da dare, akwai mai hana dukan yaro da ita. Ko mutum ya yarda da camfi ko bai yarda ba, wannan shaida ce ta yadda abin ya daɗe a rayuwar mutane. Duk wannan yana cikin kalma ɗaya. In ka cire ta ka sa broom, ba ka kawo komai a madadinsa ba, domin broom a Ingila ba ta san tsakar gida ba, ba ta san hunturu ba.

Babbar asara tana wajen karin magana. Da wuya a yi taron sulhu, ko na ƙungiyar unguwa, ko nasihar ɗaurin aure a ƙasar Hausa ba a ce a zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya ba. Maganar tana da ƙarfi ne saboda duk mai sauraro ya taɓa ganin abin da yake faruwa in maɗauri ya tsinke: silalla su watse, ka ɗauki ɗaya ka ga ko ƙwayar gero ba zai iya turawa ba. Yaron da abin da ya sani shi ne buroshin roba mai sanda, wanda gashinsa a dashe yake a cikin katako ko roba, ina zai ga maɗauri? Zai haddace karin maganar don jarrabawa kamar yadda yake haddace sunan babban birnin wata ƙasa, ba tare da ta taɓa masa zuciya ba.

Kada a ɗauka muna yaƙi da aro ne. Hausa ba ta taɓa jin kunyar aro ba. Ta ara daga Larabci, ta ara daga Azbinanci da Barbarci da Yarbanci, ta ara daga Turanci, a Nijar kuma ta ara daga Faransanci. Unguwar da muke magana a kanta ma tana cikin ƙofofin da Turanci ya bi ya shiga tsakar gidan Bahaushe. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, a Nassarawa suka kafa mazauninsu, bayan gari. Tsarin Lugga na birane ya tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don gudun cuta. Waɗanda suke tsallake wannan fili kullum su ne ma'aikatan gida, kuku da boyi da mai wanki da guga. Ta bakinsu da na sojoji da ma'aikatan gwamnati kalmomi irin su bokiti, tebur, tawul, baho da buroshi suka shigo. Dubi yadda aka yi aron. An ɗauki kalmar, an lanƙwasa ta ta dace da harshen Bahaushe, an ba ta jinsi, an yi mata jam'i: bokiti, bokitai, tebur, tebura.

Amma lura da abin da waɗancan ma'aikata ba su aro ba. Boyin da yake share barandar Bature kullum safiya ya ji kalmar broom sau dubu, bai kawo ta gida ba. Ya kawo buroshi, domin buroshi sabon abu ne da ba shi da suna. Bai kawo broom ba, domin a gidansu akwai tsintsiya. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba ya fi mai digirin yau sanin ƙa'idar aro: ana aron abin da babu ne. Zamanin Turawa ya zo ya wuce, kalmar tsintsiya tana nan daram. Sai yanzu, shekara sittin da ɗoriya bayan samun 'yancin kai, a cikin gidajen da Turawan suka bari da waɗanda aka gina a kewayensu, ake neman ture ta. Kuma ba a ma lanƙwasa baƙuwar ba. Ba ta da jam'in Hausa, ba a san ko mace ce ko namiji ba, wani ya ce broom ɗin, wata ta ce broom ɗin nan ta lalace. Ba buƙata ce ta kawo ta ba, ƙwalisa ce.

Akwai kuma wani ɓangare da ba a son a faɗa. A gidaje da yawa na wannan yanki, wanda yake faɗin broom daban, wanda yake riƙe tsintsiya daban. Mai riƙe ta 'yar aiki ce da aka kawo daga ƙauye, ko almajiri da yake zuwa da safe ya share tsakar gida a ba shi ɗumame. Ɗan gida ya san broom a littafi, a shafin harafin B, da hotonta mai doguwar sanda. 'Yar aiki ta san tsintsiya a tafin hannunta da ƙugunta. Kalmar Turanci ta zama ta mai ba da umarni, ta Hausa ta zama ta mai sunkuyawa. Yaro kuwa ba wawa ba ne, yana gani. Darasin da yake ɗauka shi ne, Hausa harshen masu aikin ƙarfi ne, Turanci na masu zama a kujera. In ya je makaranta aka ci tararsa ko aka sa shi tsallen kwaɗo don ya yi Hausa a aji, sai darasin ya tabbata. Filin yadi 440 ya ɓace daga taswirar Kano, amma ga shi ana sake shata shi a cikin falo.

Abin haushin shi ne ko Turancin ba a koya masa daidai ba. A Turancin Nijeriya kalmar broom ta daɗe da sauya ma'ana. In ɗan Legas ko ɗan Inugu ya ce broom, damin tsinken kwakwa yake nufi, marar sanda. Mai sandar sai ya ƙara mata bayani ko ya kira ta da sunan buroshi. To ga yaro a aji: littafin da aka bugo a waje yana nuna masa mai sanda, malamar da take karantarwa tana nufin ta kwakwa, a gida ana kiran ta laushi da wannan suna. Abu uku, suna ɗaya, babu wanda ya tsaya ya bambance masa. Ranar da zai karanta labarin Turawa, ko ya rubuta wa wani a Landan, ranar zai gane an yi masa sakiyar da ba ruwa.

Siyasa ma ta nuna mana bambancin a fili. A watan Fabrairun 2013 jam'iyyun ACN da CPC da ANPP, tare da wani ɓangare na APGA, suka haɗe suka kafa APC, hukumar zaɓe ta yi mata rajista a watan Yulin shekarar. Alamar da suka ɗauka, wadda suka gada daga ACN, jaridun Turanci suna kiran ta broom. Amma duk wanda ya ga gangamin 2015 a Kano ya san abin da aka ɗaga sama, tsintsiya ce mai maɗauri. Mai karanta jarida a Ingila abu ɗaya zai fahimta, wato za a share datti. Mai jefa ƙuri'a a Giginyu ya fahimci abu biyu, shara da haɗin kai, domin jam'iyyu ne daban-daban aka ɗaure wuri guda. Ko sun cika alkawarin sharar, ko maɗaurin ya riƙe, wannan kowa da hukuncinsa, kuma ba shi ya tara mu a nan ba. Abin lura shi ne, saƙon da ya isa ga miliyoyin mutane ta hoton da ke kan takardar ƙuri'a yana cikin kalmar Hausa, ba ya cikin ta Turanci. Haka abin yake a Indiya, inda jam'iyyar Aam Aadmi da aka kafa a 2012 ta ɗauki abin shara a matsayin alama. Nasu ma ɗaurarre ne irin na talakawan ƙasarsu, da sunansa a harshensu.

Mu da sana'armu ita ce rubuta manhajar kwamfuta muna ganin wannan matsala ta wata kusurwa, kuma a nan ne ta fi ba mu tsoro. Hanya mafi arha ta sa Hausa a cikin manhaja ita ce a yi jadawali mai layi biyu, Turanci a hagu, Hausa a dama, kowace kalma da abokiyarta guda. Broom a hagu, tsintsiya a dama, an gama. Duk wanda ya karanta kimiyyar kwamfuta ya san cewa irin wannan jadawali yana aiki ne kawai in abu ɗaya yana daidai da abu ɗaya. In abu ɗaya a hagu yana da abokai uku a dama, ko na dama yana ɗauke da abin da na hagu ba shi da shi, to tsarin ya karye tun daga tushe, kuma duk abin da aka ɗora a kansa zai gaji karayar. A harkar kuɗi ko ta asibiti ba wanda zai yarda da irin wannan ganganci. A harkar harshe kuwa ana yin sa kullum, domin ana ganin mai Hausa ba zai yi ƙorafi ba.

Google ya saka Hausa a manhajarsa ta fassara a watan Disambar 2013, kuma abin farin ciki ne. Amma irin waɗannan na'urori daga rubutun mutane suke koyo. Ana tara musu jimloli masu ɗimbin yawa, su lura da wace kalma ce take yawan zuwa a gurbin wace. Ba su taɓa ganin tsakar gida ba. In rubutun da suka samu bai bambance tsintsiyar laushi da ta kwakwa da buroshi mai sanda ba, su ma ba za su bambance ba, kuma amsar da suka bayar ita yaro zai kwafa a aikin gida, malami ya ba shi maki, wani ya sake wallafa ta a intanet, na'ura ta sake karanta ta a matsayin hujja. Haka kuskure yake zagayawa har ya zama doka.

Duba wayarka ma yanzu. A 2018 ƙungiyar Unicode, mai tsara haruffa da alamomin da kwamfutoci suke amfani da su, ta amince da ɗan hoton abin shara a cikin emoji. Nemo shi ka gani, sanda ce doguwa da gashi a ƙarshenta. Ba laifinsu ba ne, abin da suka sani suka zana. Amma sakamakon shi ne, duk Bahaushen da yake so ya aika saƙon a zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya, hoton da wayarsa za ta ba shi ba shi da alaƙa da maganar. Ga kuma wani tarko da ya fi wannan haɗari. Kalmarmu ta share, in an rubuta ta da boko, harafi biyar ne daidai da wata kalmar Turanci da take kan kusan kowace manhaja, a Facebook da WhatsApp da sauransu, wadda ma'anarta a rarraba wa jama'a. A Hausa share na nufin a kawar. A manhajar da ta cakuɗa harsunan biyu, mutum zai ga haruffa iri ɗaya bai san ko hotonsa zai ɓace ko zai bazu a duniya ba. Wannan aikin mai tsara manhaja ne ya hango, ya zaɓi goge a wuri ɗaya, ya zaɓi tura ko raba a ɗayan.

Ita kanta share ɗin ta fi ƙarfin jadawali mai layi biyu. Muna share ɗaki, muna share hawaye, muna share fage kafin magana, mutum yana share shekara goma a Legas, budurwa tana share saurayin da ya ɓata mata rai. Shara kuma ita ce aikin, ita ce dattin da aka tara. Na'urar da aka koya wa cewa share abu ɗaya take nufi za ta gaya wa duniya cewa budurwa ta bi saurayinta da abin shara. Kuma ba don babu inda za a duba ba ne. Ƙamusun Bargery na 1934 yana da kalmomi kimanin 39,000. Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa, Hausa zalla, a 2006. Roxana Ma Newman ta wallafa na Turanci zuwa Hausa a 1990, Paul Newman ya wallafa na Hausa zuwa Turanci a 2007. Aikin yana nan an yi shi, a nan Kano ma aka yi wani ɓangare nasa. Lalaci ne da raini suke sa a tsallake shi.

Mun san amsoshin da za a ba mu. Ta farko, yara suna buƙatar Turanci don su ci jarrabawar WAEC da JAMB su sami aiki. Gaskiya ne, kuma mu ma da Turanci muke cin abinci, domin harsunan rubuta manhaja kusan duk a kansa aka gina su. Amma sanin Turanci shi ne ka san abin da kalmar take nufi a wurin masu ita da inda ta bambanta da taka. Yaron da aka ce wa, Bature yana da abin shara mai sanda yana kiran sa broom, mu muna da tsintsiya iri-iri, ga inda suka yi kama, ga inda suka rabu, wannan yaro ya sami harshe biyu. Wanda aka ce wa duk ɗaya ne ya sami rabi da rabi. A watan Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince da manufar koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a watan Nuwamban 2025 aka soke ta aka koma Turanci. Tunda makaranta ta janye hannunta, nauyin ya dawo kan gida kacokan. In gida ma ya saki, ba sauran wurin da yaro zai ji kalmar.

Amsa ta biyu ita ce, ai mai sandar ta fi, ba ta sa ciwon baya, ci gaba ne. A nan ba mu da ja. Duk wanda ya fita da asuba ya ga matan da suke share manyan titunan Kano a sunkuye, cikin ƙura da hayaƙin motoci, ya san sun cancanci kayan aikin da zai raga wa ƙugunsu. A ba su mai sanda, a ba su takunkumi da safar hannu, a biya su a kan lokaci. Kano ba baƙuwar zancen tsafta ba ce. A nan aka ƙaddamar da ɓangaren tsaftar muhalli na shirin yaƙi da rashin ɗa'a a 1985, kuma har yau ana sharar Asabar ɗin ƙarshen wata, ga kuma hukumar REMASAB mai kwashe shara. Amma sauya kayan aiki daban, zubar da suna daban. Sabon abu in ya zo sai a raɗa masa suna, a ce tsintsiya mai sanda, ko buroshin shara, kamar yadda aka ce jirgin sama da jirgin ƙasa ba tare da an kashe kalmar jirgi ba.

Amsa ta uku, wai harshe rayayye dole ya sauya, ba mai iya tare shi. Haka ne, yana sauyawa. Amma ba iska ce take sauya shi ba, mutane ne, da zaɓin da suke yi kullum a bakinsu. Waɗanda suke da kuɗi da boko da manyan wayoyi su ake kwaikwayo. Abin da aka faɗa a falon GRA bana, shi za a ji a fim baɗi, shi 'yar aikin za ta koma da shi ƙauyensu a matsayin wayewa. Mai irin wannan tasiri ba shi da damar ya ɗaga kafaɗa ya ce harshe ne yake sauya kansa.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma ba mai tsada ba ne. Iyaye su kira abin da sunansa, su kuma sa 'ya'yansu, maza da mata, su riƙe shi su share ɗakinsu, ko da akwai 'yan aiki goma a gidan. Malaman Turanci su riƙa shiga aji da tsintsiyar laushi da ta kwakwa da mai sanda, su ajiye su a gaban allo, su bar yara su faɗi bambancin da harsunan biyu. Masu buga littattafan yara a Kano da Zariya su daina kwafo hoto daga intanet suna liƙa masa sunan Hausa, su nemi mai zane ya zana abin da ke bayan ƙofar ɗakin yaron. 'Yan'uwanmu masu rubuta manhaja su ƙi karɓar fassarar da ba a gwada ta a kan mai jin Hausa zalla ba, su kuma tabbatar ɓ da ɗ da ƙ suna fita daidai, domin maɗauri ba madauri ba ne. Marubuta kuma, masu gajerun labarai da masu dogaye, in jarumarku za ta yi shara, ku faɗa mana da wace tsintsiya, a ina, da wane lokaci. Abin da kuka rubuta shi yara za su karanta, shi kuma na'urori za su koya.

Zanen aro ba ya rufe katara, in ji masu iya magana. Broom kalma ce mai kyau a gidansu, da tarihinta da tatsuniyoyinta, kuma ya kamata yaranmu su san ta sani na haƙiƙa. A bar ta da sandarta, a bar mana tsintsiya da maɗaurinta. Allah Ya sa mu gane.